Inuwa Sahara, Wanda Bai Wuce Maigatari Ba

Yayana Inuwa bai taɓa wuce Maigatari ba. Da wannan zan fara, saboda yau in ka shiga tashar motar Haɗeja ka ce kana neman wanda ya san hanyar Nijar, shi za a nuna maka, yana zaune a kan tsohuwar taya, ya naɗe rawani har hanci kamar yanzu ya sauko daga raƙumi. Inuwa Sahara suke ce masa. Ni kuwa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, na san iyakar ƙafarsa. Sau ɗaya ya je kasuwar Maigatari, wata Alhamis, ya raka wani mai sayen awaki. Ya hango shingen iyaka daga nesa, ya sayi rawani, ya dawo yana kelaya amai ta tagar mota tun daga Gumel har Malam Madori. Saharar tasa ke nan gaba ɗayanta.

Sunana Asabe, banda nake sayarwa a kasuwar kifi, rumfata ba ta da nisa da tasha. Saboda haka duk ƙaryar da ya shara da safe, kafin azahar an kawo mini ita har rumfa, ana tambayata ko gaskiya ne. Shekara ashirin da 'yan kai ina ba da amsa iri ɗaya, cewa ƙarya ce, ban taɓa gajiya ba.

Mu 'ya'yan masunta ne, daga wani ƙauye a bayan Kirikasamma, inda in damina ta yi nisa ko gaisuwar maƙwabta sai da kwalekwale. Babanmu ya koya wa Inuwa kamun kifi tun yana ɗan mitsitsi. Abu ɗaya ya kama a cikin sana'ar, ƙulli. Wannan ba zan hana shi ba, ƙullin da Inuwa ya yi sai dai a sa wuƙa. Amma ban da ƙulli, duk abin da ya taɓa a rayuwarsa a rabi ya bar shi. Ya yi noman shinkafa, kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan, ta cinye gonar yana gindin itace yana ba da labari. Ya yi kiwon agwagi, suka bi ruwa suka yi gabas, har yau ba su waiwayo ba. Ya sayi injin ban-ruwa, ya kwance shi don ya ga abin da ke ciki, aka kwashe shi a buhu.

Da ya auri Mairam, wadda ƙawata ce tun muna yara, sai ya ce shi ba zai zauna a kan tudu cikin cunkoson gidanmu ba. Ya zaɓi wani kwari mai yashi mai laushi, ƙarƙashin wata ƙatuwar giyayya, wai ga sanyi ga iska, ga tonon gini babu wahala. Baba ya kama hannunsa ya kai shi gindin giyayyar, ina biye da su. Ya nuna masa yayi, wato karmami da tsinkayen da ruwa ke kwasowa ya bari maƙale a jikin itace. Ya bushe ya yi baƙi, daidai ƙirjin mutum.

Baba ya ce, “Ka ga wannan? Ruwa ne ya ajiye shi, ba iska ba. Kada ka kwantar da iyalinka a nan.”

Inuwa ya yi dariya ya ce ai shekara goma rabon da a ga ruwa a wajen. Ya gina ɗakinsa.

Shekara huɗu suka yi lafiya. A ta biyar, wata Lahadi, ya kawo kifi kasuwar Haɗeja. Da rana tsaka kogi ya fasa. Ko ɗigon ruwan sama ba a yi a ƙauyenmu ba ranar, daga yamma ruwan ya taho, daga garuruwan da suka kwana uku ana tafka musu. Mairam ta fito ta ga abin da ke tahowa, ta koma ɗaki ɗauko 'yarsu Binta mai shekara biyu. Bayan kwana biyu aka same su a cikin kachalla, yarinyar tana goye a bayanta.

Ban yafe masa ba. Na faɗa masa a ranar, na maimaita masa a sadakar bakwai, kuma da bakina ya gaji da faɗa sai idona ya ci gaba. Shi kuwa ya ajiye taru bai sake taka ruwa ba. Ya dawo Haɗeja, ya nemi ɗaki a wuri mafi tudu da ya samu kusa da tsohuwar ganuwa, ya shiga tasha yana ɗaure wa direbobi kaya a saman mota. Bai sake aure ba. Ni a lokacin na ce wace ce za ta yarda.

A tashar ne ya zama matafiyi. Da farko saurare yake yi. Direbobi da fatake suna hirar Damagaram da Agadas da Bilma, shi yana jan igiya yana kasa kunne. Bayan shekara biyu sai labaran suka fara fitowa daga bakinsa, amma yanzu shi ne a cikin motar. Bayan shekara biyar ya zama shi ne ke nuna wa direba hanya. Da ya sayi rawanin nan kuwa, sai abin ya gama lalacewa. Wai ya kwana arba'in a rairayi da ruwan gora ɗaya. Wai raƙuma suna jin Barbarci, in ka yi musu Hausa sai su yi maka taurin kai. Wai wani sarkin Buzaye ya ba shi 'ya, ya ƙi, saboda ba ta iya miyar kifi ba.

Ƙaryar ba ita ta fi ƙona mini rai ba, shawarar ce. Duk wanda zai yi arewa, mai neman aiki ko mai sayen dabbobi ko ɗalibi, sai Inuwa ya zaunar da shi ya karanta masa. In ƙishirwa ta kama ka a hamada, in ji shi, ka ɗaga kai ka nemi agwagin ruwa, duk inda suka nufa da yamma nan tafki yake. In ba ka gan su ba, ka nemi inda kachalla ta fito ka tona, kamu biyu za ka tarar da ruwa. Guzuri kuwa babu kamar banda mai gishiri. Kun ji fa. Mutumin da duk duniyarsa fadama ce, ya ɗauki fadamar ya shimfiɗa a kan Sahara yana raba wa bayin Allah. Na sha tsayawa a gaban jama'a in ce, “Yaya, a wace hamadar ka ga kachalla?” Sai ya gyara rawani ya ce mata ba su san tafiya ba. Mutane su kwashe da dariya, gobe kuma su sake kewaye shi, don shi labari ko na ƙarya ne yana rage zaman jiran mota.

Da dai abin ya tsaya a kan 'ya'yan wasu, da na ci gaba da tsakina daga nesa. Sai ga shi ya iso gidana.

Zulaihat ita ce autata, ita kaɗai ce mace a cikin biyar ɗin da Allah ya bar mini. Mijinta Abdulmannan makaniken injin ban-ruwa ne, ya ƙware a fadamun nan namu. Wani ɗan kasuwar albasa ya ja shi zuwa Tabelot, garin lambuna a cikin duwatsun Azbin, gaba da Agadas, inda aka ce injuna sun yi yawa masu gyara sun yi kaɗan. Ya tafi da sanyi, ya yi wata takwas, aiki ya karɓe shi, ya kama gida. Cikin watan Agusta ya dawo ɗaukar matarsa da 'yarsu Amira, wadda watanta bakwai, ko rarrafe ba ta fara ba. Mace da mijinta, ban da ta cewa. Amma tun ranar da aka sa ranar tafiya abinci ya daina yi mini daɗi. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Kano ba za ta ratsa hamada da jaririya a baya, abin da nake kwana da shi nake tashi da shi ke nan.

Saboda haka na aika aka roƙo mini Baba Ari. Shi tsohon direban babbar mota ne, mutumin Birniwa, asalinsu daga wajen Tafkin Chadi. Shekara ashirin ya yi yana kai gero Bilma yana dawowa da gishiri da dabino, kuma ba za ka taɓa jin wannan a bakinsa ba sai ka tambaya. Ya zo da la'asar, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Abdulmannan ya zauna a gefe, Zulaihat da ni muna daga bakin ƙofa ta ciki.

Baba Ari ya yi magana a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce takardu tukuna: katin shaida da takardar tafiya da katin allurar shawara, a sa su a leda a ɗaure a jiki, kada a jefa su cikin jakar da za a ɗora a saman mota, don a shinge ba wanda zai jira ka kwance kaya. A canza kuɗi zuwa sefa tun a bakin iyaka, a sayi layin wayar can a kira gida kafin a bar Damagaram. Daga Damagaram zuwa Agadas kada su yarda su shiga motar da za ta tafi ita kaɗai, su jira ayari ko da za su kwana biyu suna jira. In sun ga soja, waya ta koma aljihu, babu ɗaukar hoto.

Sannan ya juyo wajen Zulaihat. “'Yata, ruwa. Jarka biyu, taki daban ta mijinki daban, ki ɗinke su da buhu ki riƙa jiƙa buhun, zai yi sanyi. Kada ki jira sai kin ji ƙishirwa. Mai shayarwa ce ke, in kin bushe yarinya ta bushe. Ki tafi da gishiri da sukari na asibiti, ko da zawo. Ki rufe mata kai da fuska da mayafi mara nauyi. Ki tafi da bargo, kada zafin rana ya ruɗe ki, da asuba sanyi ake yi. Takalmi kuwa, kafin ki sa ƙafa ki kakkaɓe, kunama tana son ciki.”

Ya ce guzuri ya zama dabino da ƙuli-ƙuli da garin fura, abin da ba ya lalacewa kuma ba ya jawo ƙishi. In Buzaye sun ba su shayi su karɓa, kuma su jira kofi na uku kafin su miƙe. Ina jin wannan magana zuciyata tana sauka, don ka san maganar wanda ya je da jinta.

Muna cikin haka sai ga sallama da ƙarfi. Inuwa ne, ba wanda ya gayyace shi, da rawaninsa da wani ƙunshi a hammata. Ya zauna kusa da Baba Ari har gwiwarsu tana gogayya, ya ce, “Ari, ka faɗa musu na rijiyar nan ta bayan Tanut? Wadda muka sha ni da kai?”

Baba Ari mutum ne mai kunya. Ya ce, “To, Malam Inuwa, tsufa, na manta.”

Inuwa ya kwance ƙunshin. Banda ce, tarwaɗa, ya barbaɗe ta da gishiri har ta yi fari. Ni mai sayar da banda, a gidana, ya kawo wa 'yata banda. Daga nan ya buɗe baki. Agwagin ruwa suka fito, kachalla ta fito, raƙuma masu jin Barbarci suka fito. Ya ce ta ɗaura albasa a ƙugu, kunama ba ta son warinta. Abdulmannan ya sunkuyar da kai yana danna waya, kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, “Yaya, ya isa. Maganar rai ake yi a nan, ba hirar tasha ba.”

Ya yi kamar bai ji ba. Sai ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Zulaihat, muryarsa ta sauka, ya ja rawanin ƙasa daga bakinsa.

“Zulai, saura ɗaya. Duk inda mota ta tsaya aka ce a sauka a huta, kada ki shimfiɗa zani sai kin duba gindin itace. In wajen kwari ne, yashi mai laushi, itatuwa a jere, ki duba jikinsu. In kin ga yayi a maƙale, ko a gwiwa ne, ɗauki 'yarki ki hau tudu. Ko rana za ta gasa ki. Ko sama tana tas babu gajimare. Kin ji ni?”

Zulaihat ta ce, “Na ji, Kawu.”

Abdulmannan ya kasa riƙewa, dariyar ta kuɓuce masa. Ya ce, “Kawu, wata takwas na yi a can, ko yayyafi ban gani ba.” Baba Ari ma ya yi murmushi, ya ce shi dai hanyarsa ta rairayi ce kuma da rani yake binta, bai taɓa jin ruwa ya ci mutum a Bilma ba.

Ni ban yi dariya ba. Na ce, “Kai ne za ka koya wa wani duba gindin itace? Kai? Da aka nuna maka da yatsa, me ka yi?” Inuwa ya mayar da rawaninsa, ya miƙe, ya yi sallama ya fita, ya bar bandar a kan tabarma. Kaji na ba wa.

Ranar tafiya da sassafe na ja Zulaihat ɗaki na ce mata, “Abin da Baba Ari ya faɗa ki riƙe shi da hannu biyu. Abin da kawunki ya faɗa kuwa, tun daga agwagi har gindin itace, ki zubar da shi a bakin ƙofar nan kafin ki fita. Kada ki je ƙasar mutane ki ba mijinki kunya.” Ta ce to. A tasha Inuwa ne ya ɗaure musu kaya, tukwanenta da katifa da akwatin kayan aikin mijin. Ya ja igiya ya ƙulle, ya sake ja.

Sun kira daga Damagaram. Sun kira daga Agadas ranar Talata, muryarta garau, tana ba ni labarin wani dogon masallacin ƙasa, Amira tana gwaranci a kusa. Ta ce gobe za su hau motar albasa da ke komawa Tabelot, tafiyar yini ɗaya ce, in sun sauka za ta kira.

Laraba ba kira. Alhamis ba kira. Na danna lambar nan har yatsana ya yi zafi, wata mata tana ta yi mini Faransanci. Ranar Juma'a wani mai sayen kifi ya zo rumfata yana nuna wa maƙwabcina wani hoto mai motsi a waya, wai daga Nijar aka turo, babbar mota a kife cikin jan ruwa. Ban san ko tasu ce ba, ba wanda ya san ko ta ina ce, ko ma ta bana ce. Amma na zauna a kan buhu na kasa ciniki. Kullum da safe a kwanakin nan Inuwa yana zuwa ya tsaya a gaban rumfar, ba ya tambaya, tsayawa kawai yake yi. Ni kuma in ce masa ya matsa yana tare mini masu saye.

Ranar Asabar da hantsi waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

“Inna, ni ce.”

Na ce, “Yarinyar fa?”

“Ga ta a cinyata. Mu uku duk lafiya.”

Sai da na gama kukana, mata suka taru a kaina, sannan ta ba ni labari. Da rana tsaka ranar Laraba tayar motarsu ta fashe. Direban ya lallaɓa ya gangara da ita cikin wani busasshen rafi mai faɗi, su can kori suke ce masa, don nan ne kaɗai ake da itatuwa. Ko'ina duwatsu ne baƙaƙe masu zafi, nan kuwa yashi mai laushi da sanyi. Mutum goma sha ɗaya har da direba suka sauka, kowa ya nemi gindin itace, aka hura gawayin shayi. Ita ma ta kwance goyo za ta shimfiɗa zani.

“Inna, wallahi ba dubawa na yi niyyar yi ba. Idona ne ya kai. Sai ga yayi a jikin itacen, irin na gida sak, da tsinkaye da wata tsohuwar leda, daidai ƙirjina. Na duba na gaba, shi ma haka. Na san kin ce in zubar. Amma ƙafata ta ƙi zama.”

Ta mayar da goyo ta ce da mijinta su hau sama. Ya ce ta rufa masa asiri. Direban ya ce ya san zancen, amma ta ɗaga kai ta duba, ko gajimare ɗaya babu, kuma awa ɗaya ya gama. Wata mata ta ce a bar 'yar Najeriya, ruwan garinsu ne bai sake ta ba. Aka yi ta dariya. Zulaihat ta ɗauki jarkarta ta kama hawa dutse ita kaɗai, yarinya tana tsala kuka don zafi. Abdulmannan ya biyo ta yana faɗa, ba don ya yarda ba, don dai kada a ce ya bar matarsa. Ya kafa mata zani a kan sanda biyu, ya zauna ya juya mata baya.

Sun fi awa ɗaya a haka. Ta ce har ta fara jin kunya, tana shirin cewa su sauka. Sai suka ji wata ƙara daga wajen duwatsu kamar an kunna injin niƙa ɗari. Ruwan sama aka yi can nesa a kan tsaunuka, inda ba sa gani, shi ne ya tattaro ya biyo korin. Ja ne, da itatuwa a bakinsa. Suka yi ta ihu daga sama, mutane suka watse suna hawa ta ko'ina. Wani dattijo da ke barci a ƙarƙashin motar bai tashi da wuri ba. Wani kuma ya kai tudu, ya koma ɗauko jakarsa. Su biyun ba a samu gawarsu ba sai washegari. Motar ta tafi da komai, da tukwane da katifa da kayan aikin Abdulmannan da wayoyin da aka bari a ciki. Takardunsu suna ɗaure a jikinsu yadda Baba Ari ya ce, kuma jarkar nan ɗaya ita mutum tara suka yi ta kurɓa har masu lambu suka iske su da raƙuma.

Ta ce, “Inna, ki gaya wa Kawu.”

Na bar rumfa a buɗe na tafi tasha. Yana kan tayarsa, ba kowa a wajensa. Na tsaya a kansa na faɗa masa duka, a tsaye, ban zauna ba. Bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Da na gama sai ya ce, “Yayin, a ina ta ce ya tsaya?”

Na ce, “Daidai ƙirjinta.”

Ya sa tafin hannu a ƙirjinsa. Sannan ya warware rawanin gaba ɗaya ya ajiye a cinya, na ga fuskarsa duka, rabon da in gan ta haka na manta. Ashe ya tsufa, ashe duk gemun ya yi fari. Ya ce, “Na giyayyar ma a nan ya tsaya.” Ya goge ido da bakin rawanin.

Na so in ce na gode. Na so in ce masa ni ce na ce ta zubar da maganarsa a bakin ƙofa, kuma da ta ji maganar uwarta da yanzu ina zaman makokin mutum uku. Bakina ya saba da wani abu daban shekara ashirin, ya ƙi juyawa. Abin da ya fito shi ne, “Ka ci abinci?” Ya ce a'a. Na koma na aiko masa da tuwo da miyar kifi.

Kada wani ya ɗauka mutumin ya shiryu. Washegari Lahadi, ranar kasuwa, tasha ta cika, labari ya riga ya zaga gari. Na zo wucewa da kwandon banda a ka, sai na tarar an kewaye shi fiye da kullum, rawani ya koma har hanci. Agwagin ruwa suna nan, albasar ƙugu tana nan, har an ƙara wata sabuwa, wai shi ya koya wa Buzaye iyo.

Yana cewa, “Wannan korin? Ni na san shi kamar tsakar gidanmu. Sau bakwai na tsallaka shi, sau biyu da ruwa har wuya!”

Sai wani direba ya hango ni. Ya ce, “Yauwa, ga Asabe nan. Asabe, don Allah, gaskiya ne?” Duk suka juyo, wasu har sun fara murmushi, sun san abin da na saba ba su. Inuwa bai juyo ba, amma na ga hannunsa ya tsaya a kan igiyar da yake murzawa.

Na gyara kwandona na ce, “Takwas ne. Ya manta ɗaya.”